Daga Gangara zuwa Kasabalanka: Idin da Gurasa Ba Ta Kumbura

A ƙarshen watan Maris na shekarar 2023 na bar Gangara da niyyar ziyarar Shehu Ahmadu Tijjani a birnin Fas. Azumi bai daɗe da kamawa ba, bazara kuwa ta kankama. Manoma sun shiga sharar gona, suna tara kara da ƙaya suna cinna musu wuta, ba inuwar kirki a daji sai ta gawo. Daga Gazawa muka hau babban titi, muka ratsa Agye da Cadawa zuwa Maraɗi. Kashegari da asuba motar Yamai ta ɗauke mu ta Gidan Rumji, Madawa, Galmi mai albasa, Birnin Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso. Tafiya ce mai cin yini, ga ƙishin azumi, ga iska mai zafi na shigowa ta taga. Daga filin jirgin Diori Hamani muka tashi da dare, gari na wayewa muka sauka Kasabalanka.

Abin da ya fara kama idona daga tagar jirgin ƙasan da ke zuwa Fas ta Rabat da Miknas shi ne kore. Alkama da sha'ir sun fitar da kai, wake ya yi 'ya'ya, furanni ja da rawaya sun rufe gefen hanya. Watan da mu muke ƙidaya sauran damin gero a rumbu, a nan shi ne watan da amfanin gona ke nuna. Wannan yanayi yana da alaƙa da abin da na tarar a gaba, domin idin Yahudawa da zan ba da labarinsa doka ta ɗaure shi da lokacin nunar sha'ir. Yahudawa da wata suke lissafi kamar mu, sai dai a cikin kowace shekara 19 sukan ƙara wata na goma sha uku har sau bakwai, don kada idin ya zagaya ya faɗa damina ko hunturu yadda azuminmu yake zagayawa. A shekarar 2023 lissafin biyu ya haɗu daidai: ranar 23 ga Maris ita ce 1 ga Ramadan a Maroko, ita ce kuma 1 ga watan Nisan a wurinsu.

Na yi ziyarata a zawiyar Shehu, wanda ya rasu a 1815, na samu abin da na je nema. Bayan haka wani ɗan'uwa a ɗariƙa ya ce ba zan bar Fas ban ga Mallah ba. Unguwa ce a jikin fadar sarki, inda aka zaunar da Yahudawan birnin tun wajajen 1438. Gidajenta sun bambanta da na sauran gari, suna da barandar katako mai leƙen titi. Mun shiga majami'ar Ibn Danan, ginin ƙarni na 17 da aka gyara, muka ga akwatin da ake ajiye naɗaɗɗiyar Attaura da ramin wankan tsarki a ƙarƙashin ƙasa. Yanzu Musulmi ne ke zaune a unguwar. A ƙarshen shekarun 1940 Yahudawan Maroko sun kai kimanin 250,000, yau ba su wuce dubu biyu zuwa uku ba, yawancinsu a Kasabalanka. Amma Fas ta taɓa zama cibiyar fiƙihunsu. A nan Ishaƙ Alfasi, wanda ya rasu a 1103, ya shafe shekaru yana karantarwa. A nan kuma Musa bin Maimun ya zauna wajajen 1160 kafin ya koma Masar, inda ya tsara dokokin addininsu babi babi, har da babi na musamman a kan gurasar wannan idi.

Ina tsaye a wannan unguwa tunanina ya koma gida. Malam Muhammadu bin Abdulkarim al-Maghili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ya kuma shiga Katsina da ke kudu da mu kaɗan, daga Tuwat ya taso. A can ne, wajajen 1492, ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit, alhali wasu malaman zamaninsa ba su yarda da fatawarsa ba. Waɗannan Yahudawa fatake ne a hanyar Sahara, hanyar da fatar jar akuyarmu ta riƙa bi zuwa arewa. Ashe tarihinmu ya taɓa gogayya da nasu, da daɗi da ɗaci, ko da yake a Gangara ban taɓa jin wanda ya ce ya ga Bayahude ido da ido ba.

A Kasabalanka na sauka gidan wani ɗan kasuwar yadi a Darb Umar. Mahaifinsa ya yi shekaru yana hulɗa da wani Bayahude maƙwabcinsu, zumuncin kuma bai mutu da mutuwar uban ba. Da ya ji irin tambayoyin da na kwaso daga Fas, sai ya ce: "Malam, gara ka ji daga bakin mai abu." Ya kai ni wurin dattijon ana saura kwana kaɗan idi. Mun same shi a ƙofar gida, an fito da katifu da darduma ana kakkaɓewa, mata na wanke kwabet lungu lungu. Na gaishe shi da Larabci, ya amsa da Larabcin Maroko, inda ya gagara muka haɗa da Faransanci.

Idin sunansa Fesah a bakinsu, shi ne Idin Ƙetarewa, tunawa da daren da Allah ya fitar da Bani Isra'ila daga bautar Fir'auna. Yana farawa 15 ga Nisan, kwana bakwai a Isra'ila, takwas a sauran ƙasashe. Ginshiƙin dokarsa abu ɗaya ne da suke kira hames: duk abin da aka yi da alkama, ko sha'ir, ko wasu danginsu uku da ake nomawa a ƙasashen sanyi, idan ruwa ya taɓa garin aka bar shi ya wuce minti 18 ba a gasa ba. A kwanakin idi ba a cinsa, ba a amfana da shi, ba a ma mallake shi. Dalili kuwa, kakanninsu sun fita Masar da gaggawa, ƙullin gurasarsu bai samu lokacin kumbura ba. Don haka suke cin matza, gurasar gari da ruwa tsantsa, wadda ake kwaɓawa a gasa kafin waɗannan mintuna su cika. Ya ɓantaro mini daga ta bara na ɗanɗana bayan shan ruwa: busasshiya ce mai ƙaras-ƙaras kamar ƙanzo, ba gishiri ba mai.

Na ce: "Baba, mu fa mutanen gero ne. Da Bayahude zai zauna garinmu, yaya zai yi da tuwo da fura?"

Ya gyara zama, alamar tambayar ta yi masa daɗi. Ya ce malaman Talmud, babban littafin fiƙihunsu, sun tattauna wannan tun da daɗewa, suka tsaya a kan cewa gero da shinkafa ba sa zama hames, domin abin da ke samunsu idan sun jiƙa tsami ne na lalacewa, ba kumburin alkama ba. "Saboda haka, ɗana, a asalin doka geronku halal ne. Amma ba za a sauke farillar daren idi da shi ba. Matza sai da hatsin da zai iya kumbura, aka tsare shi bai kumbura ba." Ya ƙara da cewa Yahudawan Turai tun wajajen ƙarni na 13 suka ɗora wa kansu al'adar barin shinkafa da gero da wake a idin, gudun cuɗanya da alkama. A Maroko gidaje da yawa na barin shinkafa, amma miyar ɗanyen wake ita ce abincin idi. Kowa da al'adar gidan ubansa, ba mai ƙaryata wani. Na ji wannan zance kamar ina zaure ana karanta saɓanin malamai a Risala.

Tukwane ma da hukuncinsu. Na ƙarfe da aka dafa abinci mai ruwa a ciki sai a tsoma su a tafasasshen ruwa. Waɗanda aka gasa abu a kansu sai wuta ta ƙona su sosai. Tukunyar ƙasa kuwa ba ta tsarkaka, domin ta riga ta sha abin da aka dafa, sai a ajiye ta a fito da ta idi. Daren jajibiri mai gida kan kunna kyandir ya bi ɗaki ɗaki yana neman ɓurɓushi, da safe a ƙone abin da aka samu, sannan ya furta cewa duk wanda ya ɓuya masa ya sallama shi, ya zama tamkar ƙurar ƙasa. Ɗan fari na kowane gida yana da azumi a ranar, tunawa da 'ya'yan farinsu da aka tsirar a daren annoba ta ƙarshe. Kafin duk wannan akwai kuɗin alkama, wanda jama'a ke tarawa a raba wa mabuƙata don kada wani gida ya shiga idi ba matza. Zakkar fid-da-kai ce ta faɗo mini a rai.

To mai shago cike da buhunan fulawa fa? A nan ne na ga inda dokar ta bar wa maƙwabci ƙofa. Ana sayar da hames ɗin ga wanda ba Bayahude ba, ciniki na gaskiya da takarda da kafin alƙalami, bayan idi a saya daga hannunsa. Yau malaminsu ne ke ƙulla cinikin a madadin jama'a. Mai masaukina ya ce a zamanin mahaifinsa mabuɗin sito kawai ake miƙa masa, a yi musafaha. Ko a Isra'ila, shekara da shekaru wani Balarabe Musulmi daga garin Abu Ghosh ne ke sayen hames ɗin hukuma baki ɗaya. Ibada ce da take buƙatar amintaccen mutum daga wajen addinin, wanda za a damƙa wa dukiya a kwana da kwanciyar hankali.

Ranar Laraba 5 ga Afrilu ita ce jajibiri. Da safe labari ya cika wayoyi cewa 'yan sandan Isra'ila sun kutsa Masallacin Ƙudus da dare sun daki masu ibada. Zuciyata ta yi nauyi, na ce wa mai masaukina anya zan iya zuwa. Ya ce: "Malam, abin da ya faru ya ƙona mini rai kamar yadda ya ƙona maka. Amma tsohon nan a unguwar nan aka haife shi, shi ya ɗauki makarar mahaifina tare da mu. Ba zan ɗora masa laifin da bai yi ba." Na ga gaskiyarsa. Muka sha ruwa da dabino da miyar harira, muka yi Magariba, muka bar asham sai mun dawo. Muka wanke hannu da baki sosai, domin harira da fulawa ake ɗaure ta, muka kama hanya. Wata ya cika, daren 15 ne a lissafinmu da nasu.

Zaman daren sunansa Seder, ba a fara shi sai taurari sun fito, yana da matakai 15 da littafin da ake bi mai suna Hagada. Doka ta ce kowa ya sha kofi huɗu na inabi. A yawancin gidaje giya ce, amma an yarda da ruwan inabi da bai tsimu ba, shi dattijon ya sa a kawo saboda mu. A tsakiyar tebur akwai faranti: matza uku a lulluɓe, ƙashin ƙafar rago gasasshe, dafaffen ƙwai, ganyen latas mai ɗaci, ganyen seleri da ruwan gishiri, sai dunƙulen dabino da gyaɗar turawa da aka daka. Ƙashin yana tsaye a madadin ragon da ake yankawa a Haikalin Ƙudus kafin Rumawa su rushe shi a shekara ta 70. Tun daga lokacin suka daina yankan, sai Samariyawa kaɗai da har yau suke yi a Dutsen Garizim kusa da Nablus. Ganye mai ɗaci ɗacin bauta ne, ruwan gishiri hawaye, dunƙulen dabino kuma laka ce ta tubalin da aka tilasta musu bugawa.

Kafin a fara karatu dattijon ya miƙe ya ɗauki farantin, ya bi mutane ɗaya bayan ɗaya yana zagaya shi a saman kan kowa, duka gida na rera waƙa. Wannan al'adar Yahudawan Maroko ce, suna kiranta Bibhilu. Bai tsallake mu ba. Daga nan aka ɗaga matza, aka yi shelar cewa duk mai jin yunwa ya shigo ya ci. Sai aka yi tsit, aka juya ga ƙaramar jikarsa. Ita ce za ta yi tambaya: me ya sa daren nan ya bambanta, ga gurasa ba kumburi, ga ganye mai ɗaci, ga tsoma abinci har sau biyu, ga kowa ya kishingiɗa? Muryarta na rawa, kakarta na taya ta da leɓe. Duk karatun da ya biyo baya amsa ce ga wannan yarinya. Kishingiɗar ma hukunci ce, a gefen hagu, domin a zamanin da ɗa ne ke cin abinci a kishingiɗe, bawa a tsaye.

Dattijon yana karanta Ibrananci yana fassarawa da tsohon Larabcin Yahudawan Maroko, don haka na riƙa tsintar ma'ana: Fir'auna, kogi, jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, fara. Waɗannan duk mun san su a Suratul A'araf, fara kuwa manomin Gangara ba a littafi ya san ta ba. Su annoba goma suke ƙirgawa, Alƙur'ani ya ambaci ayoyi tara da aka bai wa Annabi Musa. A kan kowace annoba mai gida na zuba ɗan inabi a kwano, matarsa na bi da ruwa, a ƙarshe aka fita da kwanon aka zubar. Ɗansa da ya zo daga Faransa ya raɗa mini cewa wasu malamansu na fassara wannan da rage farin ciki, tunda mutane ne suka halaka, ko da maƙiya ne.

Abu ɗaya ya ɗaure mini kai. Dare ya yi nisa ana labarin fita Masar, amma da ƙyar na ji sunan Annabi Musa, alhali a Alƙur'ani ba annabin da aka ambata kamarsa, har sau 136. Da aka zo cin abinci na tambaya. Dattijon ya ce da gangan ne magabata suka tsara haka, don kada yaro ya tashi yana zaton mutum ne ya cece su. Allah ne da kansa, Musa manzo ne. Na ce masa: "Baba, wannan magana ko a zaurenmu aka faɗe ta ba mai musu." Aka rufe cin abinci da gutsuren matza da aka ajiye tun farko, wanda dole a ci kafin tsakar dare, bayansa ba a ƙara sa komai a baki sai sauran kofuna biyu da ruwa.

A kwanakin tsakiyar idi na leƙa gidan tarihin Yahudancin Maroko da aka kafa a 1997 a unguwar Oasis, na ga farantai da fitilu da kayan amare na garuruwan da yanzu ba Bayahude ko ɗaya. Tsarin mulkin ƙasar na 2011 ya lissafa wannan gado cikin abubuwan da suka gina Maroko. Akwai ma ƙungiyar da ɗalibai Musulmi suka kafa a 2007 a Jami'ar Al-Akhawayn da ke Ifran don adana shi, suka sa mata suna Mimuna.

Mimunar kanta na gan ta daren Alhamis 13 ga Afrilu, lokacin da idi ya fita. A gidan Bayahude a wannan sa'a babu ko cokalin fulawa, kasuwa kuma ta tashi. Wa zai kawo? Maƙwabci. Matar mai masaukina ta haɗa tire da gari, yis, man shanu, zuma, madara da ɗanyen na'ana'a, muka ɗauka bayan asham. Mun tarar da ƙofa a buɗe, tebur da farin ƙyalle, kwanon gari an soka masa kwanson ɗanyen wake, zangarniyar alkama, dabino da kifi. Nan take mata suka kwaɓa garin da muka kawo, suka shiga suyar mufleta, wata siririyar gurasa da ake shafa wa man shanu da zuma a naɗe. Duk wanda ya shigo sai a ce masa "Tarbah", addu'ar samun riba da sa'a. Da za mu tafi aka cika mana tiren da ragowar matza. Dattijon ya riƙe hannuna ya ce: "Ɗana, ka gai da mutanen gero."

A hanyar komawa, daga Yamai zuwa Maraɗi, na samu lokacin auna abin da na gani. Wannan labari ba baƙo ba ne a wurinmu. Hadisi ya tabbata cewa da Manzon Allah (SAW) ya isa Madina ya tarar da Yahudawa na azumi don godiyar tsirar Annabi Musa daga Fir'auna, sai ya azumci ranar ya yi umarni da ita. Ita ce Ashura. Muna azumtarta, muna dafa cika-ciki da naman layyar da aka adana, yara su ci su ƙoshi. Amma a tambayi yaran me ake tunawa, kaɗan ne za su amsa. Mun bar labarin a bakin mai tafsiri, su kuwa sun sauko da shi cikin kwanon abinci, sun ɗora wa kowane uba nauyin faɗinsa, sun bai wa ƙaramin gida haƙƙin tambaya. Tsananin dokar minti 18 da wankin tukwane duk wannan yake yi wa hidima: a canza komai na gida har yaro ya lura ya buɗe baki.

Mu ma muna da abin faɗa. Motarmu ta sake tsayawa a Birnin Ƙonni, yankin da aka sayar da Hadijatou Mani tana da shekara 12, wadda kotun ECOWAS ta yanke hukunci a 2008 cewa ƙasarmu ta gaza kare ta daga bauta. Sai a 2003 dokar Nijar ta mayar da bautar da mutum laifin da ake hukuntawa. Yunwar 2005 a jihar Maraɗi ba ta yi nisa ba, amma samarin yau a bakin wasu suke jin ta sama sama. Attaura ta yi ta maimaita wa Bani Isra'ila cewa kada su zalunci baƙo domin su ma sun yi baƙunci a Masar. Wannan ma'auni yana kan gwamnatin da ke riƙe da Falasɗinawa a yau, yana kan mai gidan da ke riƙe da wahayya, macen da aka saya a matsayin baiwa, a ƙauyukanmu, yana kan duk wanda ya ji labarin Fir'auna ya ɗauka da wani ake. Bana idan Ashura ta zo, kafin a buɗe kwano a gidana, zan tara yara in sa ƙaraminsu ya tambayi dalilin wannan tuwo, in ba su labarin Annabi Musa daga kwandon da aka saka a kogi har zuwa rabuwar teku, in haɗa musu da abin da kakanninsu suka sha a wannan ƙasa tamu.